Aikin Neman Wanda Ya Riga Ƙirƙira

Wata Asabar da la'asar muna zaune a mamak ɗin nan, wato gidan shayi da abinci, na kusa da tashar jirgi a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur, ni da ɗalibanmu 'yan gida da kan zo gaishe ni, sai Mubarak ya tambaye ni wai takamaimai me nake yi a ofis. Shekararsa ta biyu ke nan yana karatun kwamfuta. Na ce masa tsofaffin takardu nake nema.

Ya ce, "Kawu, searching kawai? Ai in ka ba ni data da laptop, minti goma na gama maka."

Khadija, wadda ke karatun lauya, ta ce ita ma abin da ta ɗauka ke nan, nauyina ne ya hana ta faɗa. Na yi dariya, na ce a ƙaro mana shayi, don zancen ba na tsaye ba ne. Abin da na gaya musu ranar shi nake rubutawa a nan, har da wanda lokaci bai bar ni na faɗa ba.

In mutum ya ƙirƙiri sabon abu, hukuma takan ba shi takarda da ake kira patent. Takardar ta ce na wasu shekaru ba mai ƙera abin ko ya sayar sai da izininsa. Lokacin da na fara aikin na gaya wa mahaifiyata a waya, sai ta ce, "Fate kuma? Duk bokon nan da ka yi, girki ka koma?" Babban sharaɗin takardar shi ne abin ya zama sabo. Idan aka gano wani ya riga ya bayyana shi a fili, a littafi ko mujalla ko wani tsohon patent, kafin ranar da mai takardar ya shigar da buƙatarsa, to ana iya zuwa gaban hukuma a nemi a soke ta. Ni ne mai tono wannan tsohuwar shaidar. Lauyoyi ke tsayawa su yi magana, amma abin da suke tsayawa a kai daga teburina yake fita. Fannina kuma memori ne, wato ma'ajiyar bayanai da ke cikin kwamfuta da waya da filashin da kuke ratayawa a makulli.

Karatun injiniyan lantarki ne ya kawo ni ƙasar nan. Da na gama, wani malamina ya tura ni wurin Madam Chong, wata dattijuwa da ta yi shekaru tana aiki a masana'antar ƙera memori a Penang, daga baya ta buɗe ɗan ofis a saman wani kedai, wato shago, kusa da Titiwangsa. Ranar da na je ba ta ko buɗe takardun makarantata ba. Ta miƙo mini shafi ɗaya da almakashi da gam.

A ƙarshen kowane patent akwai jerin jimloli masu lamba, muna kiran kowace claim. Su ne iyakar gonar mai takardar. Duk shafukan da suka gabace su labari ne, nan ne shari'a take. Shafin da ta ba ni jimla ɗaya ce tun daga sama har ƙasa, ba aya sai a ƙarshe. Ta ce in yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa abu ɗaya da mai takardar ke cewa nasa ne, in manna su a jere a kan farar takarda. Na yanka huɗu na kai mata. Ta duba ta saman tabarau ta ce, "Bakwai ne, lah. Koma." Wannan "lah" kamar "mana" take a bakin mutanen nan. Na yini a kan shafin nan kafin na gane cewa kalmar "kafin" gunduwa ce mai zaman kanta, haka ma "a cikin". Wanda ya ce ana auna zafi kafin a rubuta bayani, daban yake da wanda ya ce ana auna zafi kawai. Wata uku na yi ina yanka da mannawa kafin ta bar ni na taɓa injin bincike.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Allon kwamfuta biyu, ɗaya na claim, ɗaya na takardar da ake dubawa. Fensira masu launi, kowace gunduwa da launinta. Rula, don bin layi a shafin da ya cika da ƙananan rubutu. Gilashin ƙara girman rubutu, saboda tsofaffin zane-zane. Ƙamus na Japananci da na Koriyanci na kalmomin fasaha, don rabin abin da aka rubuta a kan memori a can aka rubuta shi. Sai wani littafi mai baƙin bango da Madam take ajiyewa a aljihun tebur, wanda ta rubuta tsofaffin sunayen abubuwa a ciki. Wannan ya fi komai daraja a ofishin. Abin da ake kira da wani suna yau, shekara talatin baya da wani sunan ake kiransa, kuma kowace masana'anta da irin bakinta. Ka buga sunan yau a injin bincike, takardun yau zai kawo maka, alhali na yau ba su da amfani a wurinmu.

Aikina na farko na gaske a kan memorin da ke cikin kwamfuta ne, irin wanda yake mantuwa. Shi kamar tulu ne mai yoyo: ko ba a ɗiba ba, sai an riƙa ƙara ruwa a kai a kai, in ba haka ba bayanin ya zube. In da zafi yoyon ya fi sauri. Mai patent ɗin ya ce shi ya fara tunanin sa ma'aunin zafi a cikin memorin, yadda in an samu sanyi za a rage yawan cikon, batir ya daɗe. Kwana tara ina nema, ran na goma na samu wata takardar Japan da ta faɗi kusan komai. Na shafa mata launi shida, na shiga wurin Madam ina ta murna.

Ta ce, "Ina launi na bakwai?"

Na ce, "Madam, shi kaɗai ya rage. Nasu ma'aunin a waje yake, a kan allon da memorin ke zaune. Ai duk ɗaya ne."

Ta ce, "Je ka gaya wa alƙali duk ɗaya ne. Shida cikin bakwai, in ita kaɗai ce, daidai take da babu."

Daga nan ta koya mini hanya ta biyu. Ana iya haɗa takardu biyu, amma sai ka nuna dalilin da zai sa injiniyan wancan zamani, wanda bai taɓa ganin wannan patent ba, ya yi tunanin haɗa su. Ba kai da ka riga ka ga amsa ba. Ta buɗe baƙin littafinta ta nuna mini wata tsohuwar kalma da ake kiran ma'aunin zafi da ita in an gina shi a jikin guntun lantarki. Da wannan kalmar na samu takarda ta biyu bayan mako biyu, kuma a cikinta marubucin da kansa ya ce dabarar za ta yi amfani a memori. Layi biyu ne kacal. Na zana musu ja, na rubuta lambar shafi da ta layi, kamar yadda muke yi wa kowace gunduwa a jadawalin da muke aika wa lauya.

Masu ba mu aiki yawanci lauyoyi ne a Amurka da Turai, kuma da yawansu har yau ban san fuskarsu ba. Akwai masu haƙuri, akwai wanda zai aiko Laraba ya ce kafin Juma'a yana son takarda ɗaya da za ta rushe komai. Akwai kuma masu son ka ja ma'anar jimla kamar roba har ta kai inda suke so. Wani aiki da ba na mantawa a kan yadda ake jera memori hawa-hawa ne kamar bene. Mako shida na yi, na bi Japan, na bi Koriya, na bi takardun taron injiniyoyi, ban samu ko rabi ba. Wanda ya rubuta patent ɗin nan da gaske shi ya fara. Na rubuta rahoto na ce babu. Lauyan ya kira yana faɗa, ya ce ba a ɗauke mu don mu yabi abokin gaba ba. Madam ta karɓi wayar ta ce masa "babu" ma amsa ce, kuma gara ya ji ta daga bakinmu da ya ji ta daga bakin alƙali. Daga baya kamfanin da yake wakilta ya je ya nemi izinin mai takardar, aka daidaita. Lauyan nan ya ci gaba da aiko mana da aiki shekaru.

To, sai shekarar da na yi ɓarna.

Shekarata ta takwas ce a ofishin, lokacin har na fara jin kaina. Wani babban ofishin lauyoyi, wanda yawancin aikinmu daga wurinsu yake zuwa, ya aiko da patent a kan yadda memori ke gyara kuskuren da ya samu a bayanin da ya ajiye. Cikin kwana huɗu na samu takardar bayanin kaya ta wata masana'anta, irin wadda suke ba injiniyoyi don su san yadda za su yi amfani da abin da suka saya. Duk gunduwoyin suna ciki, ba ɗaya da ta ɓace. A bangonta ga kwanan wata, wata goma kafin ranar patent ɗin. Na aika. Lauyoyin suka ce ba su taɓa ganin mai kyau irinta ba, suka ɗora ƙararsu gaba ɗaya a kanta, suka ajiye sauran takardu masu rauni da na haɗa musu.

A ƙasan kowane shafi akwai wani ɗan rubutu da ya dushe, don kwafen kwafe ne. Na gan shi. Gilashina yana nan a kan tebur, ban ɗauka ba.

Da aka zo sauraro, ɗaya ɓangaren ya kawo wani tsohon ma'aikacin masana'antar, ya rantse cewa a wancan lokaci mutum ƙalilan aka ba takardar, kowa sai da ya sa hannu ba zai nuna wa wani ba. Sai bayan fiye da shekara aka sake ta ga jama'a. Suka kawo kwafi mai tsabta, ga ɗan rubutun nan ya fito sarai: sirri ne, kada a rarraba. Ranar da aka rubuta takarda daban, ranar da jama'a suka iya samun ta daban, kuma ta biyun ce doka ta sani. Ƙarar ta faɗi. Abin da ya fi muni, dokar wurin ba ta barin wanda ya faɗi ya dawo da hujjojin da tun farko yana iya kawowa. Na rufe wa mutane ƙofa da hannuna.

Ofishin lauyoyin bai sake aiko mana da ko shafi ɗaya ba, kuma duniyar sana'ar nan ƙarama ce, labari ba ya kwana. A shekarar ne kuma aka fara tallan manhajojin da ake cewa za su yi binciken da kansu, wasu masu ba mu aiki suka tafi gwadawa. Mu shida ne a ofis, kafin ƙarshen shekara muka koma uku. Takardar izinin aikina kuma ta kusa ƙarewa, kuma sai ofis ya tsaya maka ake sabuntawa. Na rubuta takardar ajiye aiki na kai wa Madam. Ta karanta, ta jawo rahoton nan daga cikin fayil, ta buɗe shafin ƙarshe.

Ta ce, "Sa hannu nawa ka gani a nan?"

Na ce, "Biyu."

Ta ce, "Na biyun nawa ne. Ni ma ban ɗauki gilashi ba. In za a kori wanda ya yi laifi, wa zai buɗe ofis gobe? Ɗauki takardarka. Mu je mu makan," wato mu ci abinci.

Ita da kanta ta ɗauki takarduna ta kai ofishin shige da fice. Muka riƙe ofis da ƙananan ayyuka, fassara da duba tambarin kasuwanci, abin da a da ba ma karɓa. Ni kuwa ta ɗora mini wani aiki da ba wanda ya aiko da shi: duk takardar da ke cikin fayilolinmu in bi ta in gano ranar da ta fita fili da kuma wanda zai iya shaidawa. Wata biyar ina buga wa dakunan karatu waya, ina rubuta wa masu buga mujallu. A nan na koyi rabin sana'ar da ban sani ba ina tsammanin na ƙware.

Aikin da ya tashe mu daga Penang ya zo. Wani mutum mai suna Mista Raju ya hau matakalar ofishinmu da kansa, da wasiƙa a hannu. Yana da 'yar masana'anta da ke haɗa filashi da katin memori, yawancin kayansa Amurka suke tafiya. Wani kamfani a can, wanda ba ya ƙera komai sai dai ya sayi patent ya bi mutane da shi, ya kai shi ƙara. Mista Raju ya ce mana in aka hana kayansa shiga, sai ya rufe, kuma akwai matan da suka yi shekara goma sha biyar suna aiki a layinsa. Ya ce ya ji labarin abin da ya same mu, amma manyan ofisoshi sun fi ƙarfinsa. Madam ta ce ta gode da gaskiyarsa.

Memorin filashi yana da wata ɗabi'a. An raba shi ɗaki-ɗaki, kuma kowane ɗaki akwai iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa kafin ya mutu. Kamar kafet ɗin masallaci ne: na bakin ƙofa ya cinye, na lungu yana nan sabo. Mai hankali sai ya riƙa musanya su. Wannan dabarar tsohuwa ce, kowa ya sani. Abin da patent ɗin ya ce nasa ne shi ne a rubuta adadin gogewar kowane ɗaki a wani gefe na ɗakin kansa, sannan in tazarar da ke tsakanin wanda ya fi gajiya da wanda ya fi hutawa ta wuce wani ƙima, a yi musanyar, kuma a yi ta lokacin da na'urar ba ta aikin komai. Wannan na ƙarshen ne ya gagare ni. Mako biyar ban same shi haɗe da sauran ba.

Na hau mota na tafi Penang, don Madam ta ce in takarda ta ƙi magana a tambayi mutane. Ina cin abincin rana da injiniyoyin Mista Raju, ina zana musu abin a bayan takardar goge hannu, sai wani daga cikinsu ya ce, "Wannan ai na taɓa ganinsa. Lokacin muna jami'a wani da ke gabanmu ya yi kundin digirinsa na biyu a kai. Da Malayanci ma ya rubuta." Bai tuna sunan ba, sai jami'ar da kusan shekarar.

Ba injin binciken da zai kawo maka wannan. Kwana uku na yi a ɗakin karatun jami'ar ina sauke kundaye masu ƙura daga kanta, ina buɗewa ina mayarwa. Allura cikin ruwa, mai rabo kan ɗauka. Ran na uku da hantsi na buɗe wani mai shuɗin bango, na wani ɗalibi mai suna Hamdan. A babi na huɗu ga zane, ga ɗakunan, ga adadin a gefen kowane, ga kuma jimlar da ta ce a yi musanya sa'ad da na'ura take hutawa. Na karanta ta sau uku, na zauna a ƙasa tsakanin kantoci na yi hamdala.

Amma yanzu na san tambayar da ke biye. Na je wurin kwamfutar ɗakin karatun, sai ta nuna an shigar da kundin shekara biyu bayan ranar patent ɗin. Ma'aikaciyar wurin ta ce ai wannan ranar da aka kwashe tsofaffin katuna aka zuba a kwamfuta ce, ba ranar da kundin ya zo ba. A cikin bangon kundin akwai hatimi da kwanan wata, shekara uku kafin patent. Sai dai hatimi ya nuna an karɓa ne kawai, bai nuna an ɗora a kanta inda kowa zai iya zuwa ya nema ba. Na roƙi a nuna mini tsofaffin katunan. Suna nan a wani sito, cikin akwatunan katako. Na samu katin Hamdan, an jera shi a ƙarƙashin sunansa, da wani a ƙarƙashin fannin, kuma a kusurwa akwai haruffa biyu da biro. Aka ce na Puan Rohani ne, matar da ke rubuta katunan a lokacin, ta daɗe da yin ritaya, tana zaune a Kampung Baru.

Na same ta a barandar gidanta na katako tana gyaran ganye. Na gaishe ta, na kira ta Makcik kamar yadda ake kiran uwa a nan, na nuna mata hoton katin. Ta share hannu ta karɓa.

Ta ce, "Rubutuna ne. Ka ga yadda nake yi wa bakwai ɗamara? Me ya faru, an ce na yi kuskure?"

Na yi mata bayanin Mista Raju da ma'aikatansa. Na tambaye ta ko za ta iya rantsuwa a kan yadda suke aiki a lokacin. Ta ce, "Boleh," wato za ta iya. Ta ce ka'idarsu ita ce ba a rubuta kati sai ranar da littafi zai hau kanta, kuma ita ba ta taɓa barin kundi ya wuce mako biyu a teburinta ba. Aka rubuta, ta sa hannu gaban mai rantsarwa. Muka ba ƙwararren mai fassara kundin, shi ma ya rantse a kan fassararsa.

Lauyan ɗaya ɓangaren ya nemi ya yi mata tambayoyi ta bidiyo. Da sassafe aka yi, a ofishinmu, da tafinta a gefenta. Ya yi ta zagaye, daga ƙarshe ya ce mata yaya za a yi ta tuna littafi ɗaya cikin dubbai bayan shekaru masu yawa haka. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ban tuna littafin ba, ɗana. Ban ce na tuna ba. Na san dai yadda nake aikina, kuma shekara talatin ban sake shi ba." Bai ƙara tambaya a kan wannan ba.

Hukuncin ya ɗauki fiye da shekara. Ba duka aka soke ba. Claim uku na ƙarshe sun tsira, don akwai wani ƙari a cikinsu da Hamdan bai faɗa ba, kuma tun farko na rubuta wa lauyan Mista Raju haka. Amma waɗanda aka kai Mista Raju ƙara a kansu duk sun faɗi, kamfanin ya janye. Masana'antar tana nan tana aiki har yau. Labarin nan ma bai kwana ba, aiki ya fara dawowa. Da Madam ta gaji da hawa matakala ta koma wurin 'yarta, ni ta bar wa makullin ofis. Yanzu mu ma muna amfani da manhajojin nan, suna rage wahala, suna kawo takarda ɗari cikin ƙiftawar ido. Karanta ɗarin da sanin wacce za ta tsaya a gaban alƙali, wannan har yanzu aikin mutum ne. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da wadda ta koya mini, ta kuma riƙe ni a shekarar da ko ta sake ni ba mai ganin laifinta.

Bayan an gama komai na ga bai kamata a ce mai kundin bai sani ba. Na bi ta ofishin tsofaffin ɗalibai har na samu lambarsa. Ashe bai ci gaba da injiniyanci ba, malamin lissafi ya zama a wata sakandare a gabashin ƙasar, ana kiransa Cikgu Hamdan, wato Malam Hamdan. Ya ce zai shigo Kuala Lumpur bikin ɗan ƙanwarsa, muka yi alkawari a bakin tafkin Titiwangsa. Dattijo ne siriri, da hula baƙa. Na ba shi labari tun daga wasiƙar Mista Raju har hukunci, yana saurare bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Waɗanda suka duba kundin nan sun ce tunani ne mai kyau amma ba mai buƙatarsa. Ban taɓa gina shi ba, ba mu da kayan. A takarda kawai na yi lissafin." Sannan ya ce, "To wai yana aiki kuwa?"

Na ce, "Cikgu, wayar da ke aljihunka ma da irin wannan dabarar take aiki."

Ya ciro wayar ya juya ta gaba da baya, ya mayar. Ya ce nasa kwafin ambaliya ta tafi da shi tun shekarun baya, ko ina da wani. Da ma na zo masa da shi, na sa an ɗinke da bango. Ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe babi na huɗu, ya fara karantawa yana bi da yatsa. Can sai ya tsaya, ya laluba aljihun rigarsa ya ciro jan biro irin na malamai.

Ya ce, "Nan na yi kuskure. Ragewa ce, ba tarawa ba."

Ya gyara, ya ci gaba da karatu.